Kawo Taka Mu Jona

Gajere ya juya laftof ɗinsa dama, ya juya ta hagu, ya ɗaga ta sama yana leƙen gindinta kamar mai cinikin kaza. Kebul ɗin babban allon bango yana hannunsa, bakinsa faffaɗa, ita kuwa kwamfutar ba ta da rami ko ɗaya da zai ɗauke shi. Sabuwa ce fil, siririya, wadda tun da ya sayo ta ya hana ofis sakat da yabonta.

"Ina adaftar?" in ji Injiniya, mai kamfanin, yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin taro.

"Yallaɓai, wallahi jiya tana cikin jakar nan."

"Ban tambaye ka labarin jiya ba."

Gajere, wanda ya fi kowa tsawo a ofishin, ya zazzage jakar a kan tebur. Caja ta faɗo, biro ya faɗo, makullin mota da maganin ciwon kai suka biyo baya. Adafta ce kawai ba ta zo aiki ba. A ƙasa aka ji an rufe ƙofar mota, mai gadi yana zuba gaisuwa. Likitar da ta ba su aikin zanen sabon asibitin haihuwarta ce ta iso, kuma yau ce ranar da za ta duba zanen ƙarshe ta sa hannu, don magina suna fili suna jira.

Injiniya ya waiwaya ƙarshen tebur, inda Mai Awo yake zaune da hannuwa a kan gwiwa.

"Kai tsohuwar akwalarka tana da ramin nan, ko? Kawo taka mu jona. Dama kai ka yi zanen."

Mai Awo ya ɗago kai. Ya ce, "To, yallaɓai," da muryar da shi kansa ya ji ba tasa ba ce, ya tashi ya nufi teburinsa na can lungu.

Shi ne babban mai zane a kamfanin. Laƙabin ya samo shi ne tun yana matashi, don ko faɗin taga aka tambaye shi ba ya amsawa da ka sai ya auna. Abin da ke damunsa kuwa da layi ya fara. Wata rana ya ja layi miƙaƙƙe, ya ga ya lanƙwashe a tsakiya. Ya zargi kwamfuta, ya zargi gajiya. Daga baya wani hazo ya zo ya zauna daidai inda duk ya kafa ido. Gefe-gefe yana gani, zai iya tsallaka titi, zai ga mutum ya shigo ɗaki, amma fuskar da ya kalla ko lambar da yake nema, nan hazon yake sauka. Likitan ido ya ce tabarau ba zai yi komai ba, allura ce za a riƙa yi don abin ya rage gudu.

Ban da matarsa babu wanda ya sani. A gida yakan jona laftof ɗin da talabijin na falo, ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa kabad, ya bi zane lamba bayan lamba, yara suna ƙunƙunin an hana su kallon ƙwallo. A ofis kuwa ya mayar da teburinsa lungu, ya ce hasken taga ne yake damunsa. Ya ƙara girman rubutun kwamfutar har kalma uku suke cika faɗin allo, ya kunna wani gilashin ƙara girma da ke bin kibiyar nuni ta kan allo duk inda ta je. Maman yara ta sha ce masa, "Ka faɗa masa da bakinka mana, kafin aiki ya faɗa masa." Shi kuwa bai manta abin da ya sami tsohon mai kula da fili ba. Da Injiniya ya gano kunnensa ya yi nauyi, liyafar sallama ya shirya masa, da jawabi mai daɗi da kyautar agogon bango. Mai Awo ba ya son agogo. Zane yake so, kuma bai iya komai ba sai shi.

A lungun ya sunkuya ya kashe gilashin ƙara girman. Rage rubutun ba zai yiwu ba, don in ya rage shi ko menu, jerin umarnin kwamfutar, ba zai iya buɗewa ba. Dabara ɗaya ta rage masa. Kwamfuta tana haɗuwa da allo na biyu ta hanya biyu: ko dai allon bango ya kwafi duk abin da ke gabanka, ko kuma ya zama kamar ɗaki na biyu, ka tura masa abin da kake so a gani, sauran ya zauna a wajenka. In ya zaɓi ta biyun, manyan haruffansa za su tsaya a gabansa shi kaɗai.

Da ya dawo, Likita ta riga ta zauna. Dattijuwa ce mai saurin magana, ta ajiye wayoyi biyu a gabanta, duka suna walƙiya. Suka gaisa, ya tambayi aiki, ta tambayi iyali. Ya zauna a ƙarshen tebur, ya karkata fuskar laftof ɗin ta kalli kusurwa. Gajere ya miƙo masa kebul.

"Ga shi, Yaya. Yau tsofaffi sun ci gari."

Mai Awo ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Ramin yana gefen hagu, ya sani, amma idonsa baƙin layi ɗaya kawai yake gani. Ya lalubo da ɗan yatsa, ya tura bakin kebul ɗin, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya sake turawa, ya zame. Gumi ya tsattsafo masa a ƙeya. A karo na uku ya ji ɗan ƙas, ya shiga.

Allon bango ya yi shuɗi, ya tsaya a haka.

"Ba sigina," in ji Gajere. Ya ɗauki rimot yana dannawa. "Wa ya mayar da shi tasha ta ɗaya? Masu shara nan ma kallo suke yi, na rantse."

Wannan ɗan jinkirin shi ya ceci Mai Awo. Kafin Gajere ya kai tashar da kebul yake, ya danna maɓalli mai hoton taga tare da na harafin P, ya sauko da kibiyar madannai yadda yatsunsa suka haddace, ya danna. Allon bango ya ƙifta, ya buɗe da hoton fili wayam, ba rubutu ko ɗaya.

Saura ya tura zanen can. Ya kama kan tagar da zanen yake ciki da linzamin kwamfuta ya ja hagu, yadda ya saba a gida, inda talabijin yake hagunsa. Tagar ta daki gefen allo ta tsaya. Ya sake ja, ta sake tsayawa.

"Muna jira," in ji Injiniya.

"Yanzu, yallaɓai."

Ya ja dama. Tagar ta sulale ta ɓace daga gabansa, ta bayyana a bango, tare da abin da ya manta: kibiyarsa, rawaya shar, mai girman tafin hannu, tana yawo a kan zanen asibitin.

Gajere ya tuntsire da dariya. "Kai, Yaya! Wannan kibiya ce ko shebur ɗin magina? Ai da ita za a iya haƙa tushe."

"Don na baya su gani ne," in ji Mai Awo.

"Ya kyauta," in ji Likita. "Ni waɗannan ƙananan sai su ɓace min."

Aka wuce wurin. Sai dai a lokacin ne ya gane tarkon da ya ɗana wa kansa. Abin da ya tura bango ya bar gabansa ke nan. A laftof ɗinsa babu komai sai manyan gumaka, zanen kuwa yana can nesa, tsawon tebur guda, kuma daga inda yake zaune bai fi masa farin ƙyalle mai dabbare-dabbare ba.

Amma ginin nan a kansa yake. Ya kwana da shi, ya tashi da shi. Ya fara bayani, yana kallon gefen allon don ya hango rawayar kibiya ta wutsiyar ido. Nan mashiga, nan wurin jira, nan ɗakin awon ciki, ga baranda ta miƙe zuwa ɗakin naƙuda, daga can ta karya zuwa ɗakin tiyata. Ya faɗi inda rana take faɗowa da safe da dalilin da ya sa ya kawar da tagogin jarirai daga can. Muryarsa ta dawo. Likita tana gyaɗa kai, Injiniya ma har ya saki fuska. Mai Awo ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin na wanda ya tsallake rami a duhu, har ya fara tunanin yadda zai ba Maman yara labari.

"Tsaya nan," in ji Likita. "Ƙofar tiyatar nan, faɗinta nawa?"

"Mita ɗaya da santimita ashirin, Likita."

"Ba zai yi ba. Gadajen turawa da na yi oda sun iso, sun fi waɗanda muka yi magana a kansu faɗi. Ga ƙarfen ƙarin ruwa a gefe, ga nas tana riƙe da hannun mace. In naƙuda ta juya, Malam, ba lokacin karkata gado ba ne. Na taɓa ganin an ɗauko mace a zani an shiga da ita saboda ƙofa. Ba na son in sake gani."

"Sai a mayar da ita ɗaya da rabi," in ji Injiniya. "Bangon zai ɗauka?"

"Zai ɗauka, yallaɓai. Bari in koma teburina in gyara, in kawo."

"Wane tebur kuma? Likita tana da marasa lafiya suna jira. Gyara nan, a buga, ta sa hannu. Gajere, je ka kunna firinta, ka san sai ta yi zafi."

Gajere ya fita. Wayar Injiniya ta yi ƙara, ya duba, ya ce, "Masu siminti ne," ya juya ya fuskanci taga yana faɗa ƙasa-ƙasa. Aka bar Mai Awo da Likita da allon bango.

A wannan bangon na baranda ƙofofi biyu ne kusa da juna, ta ɗakin tiyata da ta ɗan ɗakin ajiyar kayan wanki. Shi ya sa su a haka, don nas kada ta yi nisa. Ya matso da zanen, ya kai kibiya wajen da yake jin ƙofar take. Duk sanda ya kalli wurin kai tsaye sai hazon ya rufe shi, in ya kawar da ido kuma sai ya ga layuka biyu suna rawa, bai san wanne ne wanne ba. Ya danna. Wani abu ya canza launi. Ya buga umarnin da yatsunsa suka sani, ya rubuta lambar, ya danna. Wani abu a bango ya motsa.

"An yi?" in ji Likita. "Ni fa layuka kawai nake gani, ku ne masu ido."

Mai Awo ya sake duban bangon ta wutsiyar ido. Wata ƙofa ta faɗaɗa, wannan ya tabbata. Wacce? Yana jin ta tiyata ce. Kusan ya tabbata. Ya ce wa kansa in ya koma gida zai duba a talabijin, in kuskure ne ya gyara cikin sirri. Amma takardar da aka sa wa hannu yau ita Gajere zai kai fili kafin la'asar, kuma ya san magina: abin da ke takarda shi za su ɗora, ba sa tambaya, ba sa jira.

Injiniya ya kashe waya ya juyo. Bai ko kalli allon da kyau ba, don bai taɓa buƙatar duba aikin Mai Awo ba, kuma wannan amanar ita ta fi ci wa Mai Awo rai a wannan lokacin.

"An gama? Tura wa Gajere."

Likita ta riga ta zaro biro daga jaka.

Hannun Mai Awo yana kan linzami. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, har yana jin ɗacinsa a harshe. Kalma ɗaya ce, ya ce an gama, kowa ya tashi. Sai ya ga gadon a ransa, ya ga ƙarfen ƙarin ruwa ya daki bango, nas tana ihu a ja baya.

"A ɗan ba ni minti ɗaya, yallaɓai. Ban auna ba."

Ya danna maɓallin taga da P, ya hau sama, ya zaɓi kwafi.

Allon bango ya yi baƙi. Da ya dawo, ya dawo da komai. Haruffan menu suka tsaya a bango kowanne kamar bulo. Ya kunna gilashin ƙara girman, wani faffaɗan akwati ya bayyana yana bin kibiya, yana kumbura duk abin da ya hau. Sannan ya jawo laftof ɗin, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya karkata kai gefe kamar kaza tana kallon shaho, don ta wutsiyar ido kaɗai lamba take shigar masa.

Gajere ya turo ƙofa da fara'arsa, "Firinta ta..." sai ya haɗiye sauran.

Mai Awo ya bi bangon barandar a hankali. Ƙofar farko ta shigo cikin gilashin, mita ɗaya da rabi, faffaɗa, kyakkyawa. Ya gangara kan rubutun da ke ƙasanta, harafi bayan harafi, kowa a ɗakin yana karantawa tare da shi a bango: ɗakin ajiyar kayan wanki. Ya matsa gaba. Ƙofar tiyata tana nan yadda take, ƙunƙuntacciya.

Bai ɗago ba. Ya mayar da ta kayan wankin yadda take, ya faɗaɗa ta tiyata, ya gyara katakon samanta, ya duba ba ta ci ginshiƙi ba. Ya auna, ya sake aunawa. Aikin da a da yake yi kafin a ƙifta ido ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, kuma babu wanda ya ce masa ya yi sauri.

"Yanzu an gama," ya ce.

Aka buga, Likita ta duba lambar da Gajere ya nuna mata da yatsa, ta sa hannu. Da za ta fita ta tsaya kusa da kujerarsa, ta rage murya.

"Ana yi maka allurar?"

"Ana yi, Likita."

"Kada ka tsallake ko ɗaya." Ta ƙara da cewa, "Na gode da ƙofata."

Injiniya ya raka ta har mota. Gajere ya zare kebul ɗin yana naɗewa, ya naɗe ya warware, ya sake naɗewa.

"Yaya, wallahi ban sani ba. Maganar kibiyar nan da na yi..."

"Bar shi, Gajere. Ai da gaske za ta haƙa tushe."

Ba a jima ba aka ce Injiniya yana kira. Mai Awo ya shiga ya tsaya, ba a ce ya zauna ba.

"Zanen makarantar da muka zuba wa kankare, da idon nan ka yi shi?" in ji Injiniya.

"Da shi, yallaɓai. Amma babu lambar da ban bi ba a gida, a babban allo. A sa wani ya sake dubawa, ba zan ji haushi ba."

"Za a duba." Injiniya ya shafa gemu, ya yi tsaki. "Kai ma dai da zurfin ciki kake. Abin da allo zai magance? Sai mu sayo maka babba, biyu ma, ɗaya nan ɗaya nan, mu jona maka. Ni ba zan rasa mai zane saboda allo ba." Ya lallatsa wayarsa cikin sauri, yana jin daɗin kansa, irin na mutumin da ya saba matsala ta zo ya saya mata magani. Ya miƙo wayar. "Ga su nan. Zaɓi wanda ka ga ya yi maka."

Mai Awo ya karɓa. Ya riƙe ta nesa, yadda mutane suke riƙe waya, yadda ya saba yi a gaban jama'a. Haske ne kawai mai kusurwa huɗu. Ya matso da ita kusa, ya karkata kai. Wasu baƙaƙen abubuwa a jere, da ƙananan rubutu a ƙasansu suna narkewa. Zai iya nuna kowanne ya ce wannan, a sayo, a jona, ya sami wata shekarar ko rabinta. Ya miƙa wayar.

"Karanta min, yallaɓai. Ba na gani."

Injiniya ya karɓa, ya buɗe baki zai karanta, sai ya rufe. Ya daɗe yana kallonsa, har hasken wayar ya mutu a hannunsa.

"Ba maganar allo ba ce ke nan."

"Allo zai taimaka yau. Likita ya ce gaba abin yake yi, ba baya ba."

Injiniya ya kife wayar a kan tebur. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

"Ginin nan da ka yi mana bayani ɗazu, ashe ba ka ganinsa?"

"Ba na gani."

"To." Ya numfasa. "Allon za a sayo duk da haka. Amma daga yau ba za ka ƙara taɓa zanen da za a kai fili kai kaɗai ba. Gajere zai riƙe linzami. Kai ka faɗa masa inda layi zai bi, shi ya ja. Abin da zan iya ke nan."

"Na gode, yallaɓai."

Godiyar ta gaskiya ce, amma ta fito masa da zafi, don ji ya yi kamar an bar masa aikinsa an karɓe hannunsa. Ya fito. Ofis ya yi shiru irin na mutanen da suka gama magana a kanka yanzun nan, kowa ya duƙufa a kan abin da ba ya yi.

Ya je lungunsa ya ajiye laftof ɗin. Ya ɗauko wata kujera daga teburin da ba kowa, ya kawo ya ajiye ta a gefen tasa. Ya tsaya yana kallon kujerun biyu ta wutsiyar ido. Sannan ya janye tasa daga gaban kwamfutar ya mayar da ita gefe, ya tura baƙuwar a wurinta.

"Gajere," ya ce, "zo ka zauna. Akwai matakalar da ban gama ba."